Ƙibar yara a Kano: cutar da muke yi wa tubarkalla

A Kano, uwar da ɗanta ya yi ɓulɓul ba ta da wata tambaya da za ta amsa. A gidan suna, a gidan biki, har a layin awo, kowa sai ya ɗaga yaron ya ce tubarkalla, a yaba wa nononta, a yaba wa maigidanta da iya cefane. Wadda nata ɗan siriri ne kuwa, ko da yana cikin ƙoshin lafiya, yana wasa, yana kuma yin tsayi yadda ya kamata, sai ta sha tambaya daga uwar miji da gwaggwanni da maƙwabta: ba ya cin abinci ne, ko haƙori yake yi, me ya hana a nemo masa maganin cin abinci? Wannan ma'auni na kumatu da damatsa mun gaje shi ne daga zamanin da rama ba ta nufin komai sai yunwa ko cuta, kuma a wancan zamanin yana da hujjarsa. Ra'ayina shi ne, a cikin birnin Kano na yau ma'aunin ya daina yi mana aiki, har ya soma cutar da 'ya'yanmu, domin yana sa mu yi murna da abin da ya kamata mu kai gaban likita.

Mai karatu zai iya cewa wannan maganar 'yan gata ce. Ina mu ina zancen ƙiba, a jihar da tamowa take cika gadajen Asibitin Yara na Hasiya Bayero da asibitin Murtala kowace damina? Tambayar tana da nauyi, kuma alƙaluma suna bayanta. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ba su kai tsayin shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57, alhali waɗanda nauyinsu ya wuce ƙima ba su fi kashi 2 ba. Duk wanda ya ce ƙiba ta fi tamowa barazana ga yaran Kano a yau bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai ƙasashen da ƙibar yara ta zame musu annoba su ma daga ƙananan alƙaluma suka faro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 ne na yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 suke da nauyin da ya wuce ƙima, amma zuwa 2022 sun kai kashi 20, wato sama da miliyan 390, miliyan 160 daga cikinsu kuma ƙibar tasu ta kai matsayin cuta. Shekara talatin da 'yan kai ne kacal tsakani, kuma haɓakar ba ta tsaya a Amurka da Ingila ba, ta shiga Masar da Meziko da Afirka ta Kudu da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, waɗanda wasunsu ba su daɗe da fita daga fama da ƙarancin abinci ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan ƙarfi, wanda shi ne ya sa nake ganin bai kamata a raba zancen tamowa da na ƙiba ba. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, matsananciyar yunwa ta afka wa yammacin ƙasar Holan. Bayan shekaru, da aka auna samarin da aka haifa a wancan lokaci yayin ɗaukarsu aikin soja, sai aka tarar waɗanda yunwar ta sami iyayensu mata a farkon ciki sun fi sauran yin ƙiba. Binciken da ya biyo baya ya nuna ciwon sukari da ciwon zuciya ma sun fi kama waɗanda suka sha yunwar tun suna ciki. A shekarun 1980 wani likitan Ingila, David Barker, ya nuna irin wannan alaƙa tsakanin haihuwar jariri da ƙarancin nauyi da kamuwa da ciwon zuciya bayan ya manyanta. Bayanin da masana suke bayarwa shi ne, jikin da ya ginu cikin rashi yakan tsara kansa bisa tsammanin rashi, ya riƙa tattalin duk abin da ya samu yana ajiyewa. Idan irin wannan jiki ya tsinci kansa cikin yalwar sukari da mai da fulawa, ajiyar takan taru a ciki da kewayen hanta, inda kitse ya fi yin illa. Ke nan yaron da ya tsumbure a Kurna ko Rijiyar Lemo yana shekara biyu, sannan ya tashi yana karya kumallo da biskit da lemon leda, shi ne a sahun gaba na masu haɗuwa da ciwon sukari yana shekara arba'in. Ba sai ɗan unguwannin masu hali irin Nassarawa ko Bompai ba. A gida ɗaya ma ana iya samun uwa mai teɓa da hawan jini, a bayanta kuma goyon da tamowa ta kama, domin abinci mai cika ciki wanda ba ya gina jiki shi yake haifar da duka biyun.

Abin da ya sauya a cimar yaran Kano a fili yake ga duk wanda yake bi ta ƙofar makarantar firamare da safe. Kuɗin tara da a da yake ƙarewa a gyaɗa, rogo da ƙuli, ɗanwake, goruba ko aya, yau yana ƙarewa ne a minti, cakulan, biskit, cincin da ruwan zaƙi mai launi da aka ƙulla a leda. Kwandon abincin ɗan makarantar kuɗi kuwa an san abin da ke cikinsa: soyayyar taliya ko dankali, da lemon kwali wanda hoton 'ya'yan itacen da ke jikinsa ya fi abin da ke cikinsa kama da 'ya'yan itace. Wanda ya shiga kasuwar Singa ya ga yadda ake loda katan-katan na waɗannan kaya zuwa kantunan unguwa zai gane cewa yaro shi ne babban mai sayensu, kuma an ƙulla su ne ƙanana-ƙanana daidai kuɗin da ke aljihunsa.

Lissafin sukarin ya cancanci a tsaya a kansa, domin yawancin iyaye ba su taɓa yin sa ba. Kwalbar lemo mai rabin lita takan ƙunshi sukari kimanin giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi goma sha biyu ko sama da haka. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa na yini, in ma da hali ya tsaya ƙasa da kashi 5. Ga yaro ɗan firamare, kashi 10 ɗin bai wuce giram 40 zuwa 45 ba. Kwalba ɗaya ta riga ta haura iyaka, tun kafin a lissafa sukarin shayin safe, da na koko, da alawar hanya. Babu uwar da za ta zuba wa ɗanta cokali goma sha biyu na sukari a kofi ta miƙa masa, amma za ta miƙa masa kwalbar da hannunta, cikin ƙauna. Abin da ya ƙara wa ruwan zaƙi illa shi ne ba ya ƙosarwa: yaro zai shanye shi, sannan ya zauna ya ci abincinsa cif kamar bai sha komai ba. Kada kuma mu yaudari kanmu da cewa namu na gida ya tsira. Zoɓo da kunun aya da lamurje da fura, in aka narka musu sukari yadda masu sayarwa suke yi domin a dawo gobe, ba su da wani bambanci da na kamfani ta wannan fuska. Alkaki da nakiya da dubulan da tuwon madara kuma ba Turawa suka kawo mana su ba. Bambancin kawai shi ne a da sai biki ko salla ake ganinsu, yanzu kuwa kullum suna kan tire.

Tsadar rayuwa ba ta rage wannan matsala ba, ƙara ta ta yi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Idan kuɗin cefane ya gaza, ƙwai da kifi da nama da madara da 'ya'yan itace su ne suke fara fita daga lissafi, a bar shinkafa da taliya da garin kwaki da mai da sukari, domin su ne suke toshe bakin yaro da kuɗi kaɗan. Uwar da ta yi haka ba sakaci ta yi ba, dabara ta yi da abin da ke hannunta. Shi ya sa nake ƙin salon wa'azin lafiya da yake ɗora komai a kan uwa, kamar ita ce take yanka farashi a kasuwa.

Ɗaya ɓangaren shi ne motsa jiki, kuma a nan birnin ne da kansa ya juya wa yara baya. Waɗanda suka tashi a cikin ganuwa shekaru talatin ko arba'in da suka wuce sun san dandali: langa da ɓuya da kokawa ga maza, gaɗa da carafke da 'yar gala-gala ga mata, ga tafiya makaranta a ƙafa, ga aike, ga ƙwallo a kowane fegi da ba a gina ba. Yau an gine fegin, an yanka gefen filayen makarantu an yi shaguna, lungun da ya rage kuma babura da adaidaita sahu sun mamaye shi. Makarantun kuɗi da yawa gidajen haya ne aka mayar azuzuwa, babu inda yaro zai yi gudun taku ashirin bai ci karo da bango ba. Dubi yinin ɗan shekara tara a gidan ma'aikaci: a ɗauke shi a adaidaita da sassafe, ya zauna a benci har azahar, a ƙara masa darasin bayan tashi, ya dawo ya ci abinci ya wuce Islamiyya har gab da magariba, da dare ga aikin gida, Asabar da Lahadi kuma ga hadda. Ilimin duka alheri ne, ba na neman a rage ko ɗaya, amma jadawalin bai bar wa jiki ko sa'a guda ba, alhali sa'a guda ta wasa mai sa gumi da haki ita ce mafi ƙarancin abin da ake so yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu kowace rana. Tsoron satar yara ya sa iyaye da dama sun rufe ƙofa, kuma ba za a ga laifinsu ba, sai dai abin da ya maye gurbin dandali shi ne waya da talabijin. Yaron da ke kallo yana ci ba ya sanin lokacin da ya ƙoshi, wanda kuma ya kai sha ɗayan dare yana latsa waya ba zai sami barcin sa'a 9 zuwa 12 da ɗan firamare yake buƙata ba, ƙarancin barci kuwa yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

'Ya mace ta fi shan wahalar wannan sauyi. Da zarar ta kai shekara goma an daina barinta fita wasa, daka da surfe da ɗiban ruwa da suke motsa jikin iyayenta a da kuma inji da famfo da 'yar aiki sun ɗauke su. Babu wanda yake kewar wahalar, amma ba a kawo komai a madadinta ba.

Akwai wata ƙiba kuma da muke sayowa da kuɗinmu a kemis, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Uwar da aka dama da gorin ramar ɗanta takan je ta ce a ba ta maganin cin abinci. Abin da aka fi miƙo mata shi ne ruwan magani mai sinadarin saifuroheftadin, wanda asalinsa maganin borin jini da ƙaiƙayi ne, buɗe ciki da sa barci kuwa illolinsa ne na gefe. Mafi muni shi ne ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi deksametason ne ko danginsa, da 'yan mata suke sha kafin biki domin su murje, har wasu suke jiƙa wa yara. Wannan magani ne mai ƙarfi da likitoci suke bayarwa ga cututtuka na musamman, a ƙayyadadden lokaci. In aka daɗe ana shan sa, fuska takan kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, hannuwa da ƙafafu su sirance, jini ya hau, sukari ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni, ƙashi ya yi laushi, tsayin yaro kuma ya tsaya. Abin da dangi suke gani su ce jiki ya yi kyau, alamar guba ce. Wanda ya riga ya daɗe yana ba ɗansa irin wannan ƙwaya kada ya yanke ta rana ɗaya, domin yankewar farat ɗaya tana iya jefa yaron cikin hatsari. Asibiti za a je a janye ta sannu a hankali. Hukumar NAFDAC da masu sa ido kan kantunan magani suna da aiki a nan, domin waɗannan ba magungunan da ya kamata a saya kamar ana sayen ashana ba ne.

Tun daga goyo ma muke soma karya wa yaro ma'aunin cikinsa. Jariri yana zuwa duniya da sanin lokacin da ya ƙoshi: ya saki nono, ya kau da kai. Mu ne muke koya masa ƙin sauraron wannan sani, da ɗura, da bulumbotin da aka cika da madarar gwangwani da sukari aka ce sai ya shanye, da alawar rarrashi duk lokacin da ya yi kuka. Ɗura, ban da hatsarin shaƙewa da shigar koko huhu, tana koya wa yaro cewa ƙoshi ba dalilin daina ci ba ne. Shayar da nono zalla na wata shida, sannan a ci gaba da shi tare da abinci har shekara biyu, yana daga cikin abubuwan da suke rage hatsarin ƙiba da na tamowa gaba ɗaya, amma binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida suke samun nono zalla.

Gado fa? Gaskiya ne akwai shi, kuma yana da ƙarfi. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kaso mai yawa na bambancin jiki tsakanin mutane daga jini yake. Amma jinin Kanawa bai sauya ba daga 1990 zuwa yau, abin da ke cikin kwano da yadda yini yake ƙarewa ne suka sauya, kuma yaro yana gadon tukunyar gidansu kamar yadda yake gadon jininsu. Cututtukan da suke haddasa ƙiba da kansu, irin su raunin aikin halittar nan ta gaban wuya da kumburinta yake zama maƙoƙo, ba su da yawa a yara, kuma suna da alama: yaron da cima ta sa shi ƙiba yawanci dogo ne a cikin sa'anninsa, wanda kuwa yake ƙiba amma tsayinsa ya tsaya, shi ne ake yi wa zurfin bincike. Wasu magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali ma suna ƙara nauyi. Sannan a garinmu dole a bambance ƙiba da kumburi: in aka danna ƙafar yaro da yatsa gurbin ya zauna, ko ya tashi da safe idanunsa a kumbure, wannan ruwa ne, yana iya zama tamowa ko ciwon ƙoda, kuma ba ya jiran gobe.

Ido ba ya iya yanke hukunci a kan ƙiba, musamman idon uwa da na kaka. Sikeli da ma'aunin tsayi ne suke yi, a haɗa su a duba a jadawalin girma na shekarun yaron da jinsinsa. Matsalarmu ita ce awo yakan ƙare ranar da rigakafi ya ƙare, daga nan yaro ba zai sake hawa sikeli ba sai ranar da zazzaɓi ya kai shi asibiti. Akwai alamu biyu da nake so kowane gida ya sani. Ta farko ita ce baƙin da yake fitowa a bayan wuya da hammata, mai kauri da laushi, wanda iyaye suke ɗauka dauɗa ce su yi ta dirza da soso suna yi wa yaro faɗan ƙazanta. Wannan alama ce ta cewa jiki ya soma ƙin jin sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini, matakin da yake gabatar ciwon sukari. Ta biyu ita ce munshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda yake sa yaro gyangyaɗi a aji har a ce daƙiƙi ne. Ban da waɗannan, ƙiba tana kawo wa yaro hawan jini, kitse a hanta, lanƙwashewar ƙafafu, ciwon ƙugu da gwiwa, da saurin balaga da rikicewar al'ada ga 'yan mata. Mafi yawan waɗanda suka shiga samartaka da ƙiba kuma da ita suke manyanta, saboda haka maganar nan ta cewa zai zube in ya girma ba abin dogaro ba ce.

Sai kuma ciwon da ba a aunawa. Yaron da aka yi wa tubarkalla yana shekara biyu shi ne ake kira tulu ko buhu yana shekara goma, sau da yawa daga bakin mutanen da suka ɗura masa abincin. Gori ba ya rage ko giram ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya sa yaro ya daina fita wasa domin kada a yi masa dariya, ya koma ci a ɓoye, yarinya kuma ta soma ƙin abinci ko shan abin da ƙawaye suka ba ta.

Saboda haka maganin ƙibar yaro ba a kan yaron ake yin sa ba, a kan gidan ake yi. Ba shi yake cefane ba, ba shi yake girki ba, ba shi ya sayi talabijin ba. Ba zai yiwu a zuba masa dafaffen zogale a gefe, 'yan'uwansa suna shan lemo a gabansa, a ce ana yi masa magani ba. Wannan horo ne, kuma ba ya ɗorewa. Ga yawancin yaran da ba su balaga ba, ba a ma neman su rame. Abin da ake nema shi ne nauyin ya tsaya ko ya rage gudu, tsayi ya ci gaba har ya cim masa, domin hana yaro mai girma abinci yana iya tauye shi. In da za a ce in zaɓi sauyi ɗaya tak, zan ce ruwa ya koma shi ne abin shan gida, lemo ya koma na salla da baƙi. Bayan wannan, abin da ake buƙata yana nan a Dawanau da Yankaba da 'Yan Lemo: gero da dawa da wake, alayyafo da zogale da rama da kabewa da kuɓewa, da duk ɗan itacen da yake kakarsa, mangwaro ko gwaiba ko kankana ko lemon zaƙi, a ci shi da tsokarsa maimakon a matse. Dambu da fate da ɗanwake da tuwon dawa miyar kuka ba abincin ƙauye ba ne da za a ji kunyar sa wa yaro a kwandon makaranta. Abin lura kawai shi ne hannun da yake zuba mai. A ci abinci a zaune, a kan lokaci, talabijin a kashe, in yaro ya ce ya ƙoshi a yarda da shi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, sananne ne a wurinmu. Aiki da shi a kan tabarmar cin abinci ne ya yi mana wuya.

Iyaye maza suna da kaso a nan wanda ba a cika faɗa musu ba. Ledar da maigida yake shigowa da ita ƙarfe goma na dare, da tsire da gurasa da yogot da lemo, har a tashi yaran da suka yi barci domin su ci, tana iya rushe duk ƙoƙarin da uwa ta yi tun safe. Nuna ƙauna ne, na sani, amma ana iya nuna ta da ayaba da dabino kaɗan, ko da fita da yara Filin Sukuwa ko hawan Dutsen Dala ranar hutu. Kakanni ma sai an shigo da su cikin shawara, cikin ladabi, domin dokar da uwa ta kafa ba ta wuce ƙofar ɗakin kaka, kuma zai fi sauƙi in ɗansu ne ya yi musu bayani, ba suruka ba.

Game da magani na asibiti, akwai shi, amma na 'yan kaɗan ne. A 2023 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta amince a yi amfani da magungunan rage ƙiba ga yara daga shekara 12, tiyata kuma daga shekara 13 ga waɗanda ƙibarsu ta yi tsanani, duk tare da gyaran cima da motsa jiki, ba a madadinsu ba. Allurar semagulutayid da ake ta zancenta tana aiki, sai dai tana da tsada ƙwarai, nauyin yakan dawo in an daina, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da suka shiga kasuwa. Wannan hukunci ne na ƙwararren likitan yara a wuri irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan gwajin jini da na hawan jini. Shayin rage teɓa da ake tallatawa a Facebook da TikTok kuwa, yawancinsa gudawa da fitsari yake sawa, ruwan jiki yake zubarwa ba kitse ba, kuma bai kamata ya kusanci bakin yaro ba.

Duk da haka, zalunci ne a bar wa gida wannan yaƙi shi kaɗai, alhali talla da farashi da tsarin gari duk suna ja ta ɗaya gefen. A Najeriya, Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wato naira 5 a kan kwalbar rabin lita da ake sayarwa ɗaruruwan naira, abin da ba zai sa kowa ya fasa saya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin sai harajin ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga tasirinsa. Meziko ta sa nata a 2014, sayen lemon ya ragu. Ingila ta fara nata a 2018, ta tsara shi bisa yawan sukarin da ke cikin kwalba, sai kamfanoni da kansu suka rage sukarin domin su kauce wa biya, kuma wannan tsari ne nake ganin ya fi dacewa da mu, tunda bai dogara da ƙuntata wa mai saye ba. Chile kuma tun 2016 ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a jikin kayan da sukari ko gishiri ko mai ya yi musu yawa, ta kuma hana sayar da su a makarantu.

Haraji na Abuja ne, amma makaranta da fili na Kano ne. Gwamnatin jiha tana da ikon ƙin sabunta lasisin makarantar da ba ta da wurin wasa ko yarjejeniyar amfani da wani fili na kusa, da ikon hana yanka abin da ya rage na filayen makarantun gwamnati, da ikon mayar da darasin motsa jiki ya zama na gaske, har da keɓantaccen wuri da malama mace ga 'yan mata. Ƙungiyoyin iyaye da malamai ba sa ma buƙatar jiran doka kafin su zauna da masu talla a bakin ƙofa su daidaita abin da za a riƙa sayar wa yara, kuma masu tallar ba za su yi asara ba in gyaɗa da dafaffen ƙwai da awara da 'ya'yan itace suka maye gurbin ruwan leda. Islamiyyu, waɗanda suke riƙe da yara a sa'o'in da rana ta yi sanyi, za su iya ware minti ashirin na wasa ba tare da karatu ya ragu ba. Sannan a sa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni su riƙa shiga makarantun firamare sau ɗaya a zango da sikeli da ma'aunin tsayi, a rubuta sakamakon a katin yaro a aika wa iyaye a rufe, ba a karanta shi a gaban aji ba. Awo ɗaya ne zai fito da wanda ya tsumbure da wanda nauyinsa ya wuce ƙima, a tura kowannensu asibitin da ya dace da shi.